Bashir a Taron Tsaye

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano.

Zuwa ga 'yata Husaina,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki. Ni dai ƙafa ta hana ni zuwa masallaci, kunne ya hana ni waya, shi ya sa na ba mai Adaidaita wannan takarda.

Na sami labari Bashir ya kama aiki a kamfanin manhajar kwamfuta da kike wa aiki, kuma a rukuninki aka sa shi. Allah mai iko. Mutumin da ya gaji makarantar ubansa, ya tuɓe ni daga hedimasta a gaban ɗalibai, ya kore ki daga koyarwa, yana cewa ba abin da kika iya sai jera yara a asembili. To, makarantar ta rushe, jera yaran kuwa ya kai ki jera manya.

Kin ce kullum da safe kuna taro a tsaye, kowa ya faɗi abin da ya yi jiya. Ki bar Bashir ƙarshe. Ki tambaye shi, ki sake tambayarsa. Tun rasuwar mahaifiyarki ban roƙe ki komai ba.

Mahaifinki,
Inuwa

Tarauni, Kano.

Baba,

Ina gaishe ka da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Ka gafarce ni da jinkirin amsa.

Baba, ni ba shugabar kowa ba ce a wurin nan. An ɗauke ni ne saboda na iya sa mai jin kunya ya buɗe baki, kamar a aji. Aikina in ji abin da ya tare wa mutum hanya, in kawar. Na san haka, amma na yi yadda ka ce.

Da layi ya zo kansa, ya ce aikin ya cije masa, yana neman taimako. Na ce, "Maimaita da ƙarfi, Malam Bashir, na baya ba su ji ba." Ya maimaita.

Tun ranar kowa sai ya ce komai lafiya. Fiddausi, wadda da ƙyar na koya wa magana a taro, ta ɓoye kuskurenta har ya lalata mana aiki. Manaja ya ce in rukunin bai koma faɗin gaskiya ba kafin wannan zangon aikin ya ƙare, zai kawo wani a madadina. Gobe zan ba Bashir haƙuri a gaban kowa.

'Yarka mai biyayya,
Husaina

Husaina,

Ina amsa gaisuwa. Ki ba shi haƙurin, ki riƙe aikinki. Amma da bakinki za ki bayar, ba da nawa ba.

Kin taƙaita labarin da yawa. Da ya maimaita, muryarsa ta yi rawa? Ƙasa ya kalla, ko ke? Ki rubuto mini a tsanake, da manyan baƙi. Idona ya yi rauni.

Allah ya yi miki albarka.
Inuwa