Zaren da Baba Ya Aiko

Zongo, Yamai
9 ga Satumba, 1962

Zuwa ga mahaifina, Mamman Sarkin Baka,

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi da biyayya, ina fata kana lafiya, kai da Inna da Yaya Hamidu. Gwaggo Zeinabou tana gaishe ku, ta ce in faɗa maka ina cin abinci, karatu ne kawai ya yi mini yawa.

Takardarka ta iso ta hannun direban kamyon Gaya, babbar motar kayan nan, tare da zaren da ka naɗe a ciki. Na gane gyadon nan, aladen dajin da ya dame ku, ya sake shiga rogon mutane, kuma kana son ƙafafun ƙarfe da ake ɗora bakin bindiga a kansu, irin waɗanda ka gani zamanin kana soja, tsayinsu daidai da ƙullin zaren.

Ran Asabar da aka tashe mu daga lakwal, makarantarmu, na tafi kantin Baturen da ke sayar da kayan farauta. Baba, ban taɓa shiga wuri irinsa ba. Ko'ina ƙamshin fata da mai, ga kan barewa a bango tana kallon mutum kamar za ta yi magana. Akawun kantin, wani dogo mai siririn gashin baki, ya kira ni madamazal, ya jera mini iri uku. Ya ce waɗannan da na aiko maka su manyan maharba ke ɗauka. Suna naɗewa su shiga aljihu, kuma suna walƙiya kamar sabon cokali. Duk hanya ina ta ganinka da su a bakin kogi, hantsi yana haska su.

Na ga rubutunka ya ɗan canza, layukan suna karkacewa. In alƙalamin ne ya lalace, zan aiko da wani.

Allah ya ƙara maka lafiya.
Ƴarka, Sa'adatu

*

Gaya
20 ga Satumba

Zuwa ga Uwata,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, damina ta yi kyau.

Saƙo ya zo, ga shi na mayar miki. Kin ba ni labarin barewa da gashin baki, amma ba ki faɗi ko kin gwada su da zaren ba. Tsayinsu taƙi ɗaya da rabi ne. Na masu harbi a kwance ne, a filin da ba ciyawa. Mu nan gamba ta fi mutum tsayi, a durƙushe muke harbi, gwiwa ɗaya a ƙasa. Zaren nan awon ƙasa ne zuwa kafaɗata in na durƙusa.

Duk da haka na gwada, don ke kika zaɓa. Na kwanta rub da ciki a gefen gonar Halimatou, matar marigayi Alu, wadda rogon nan ne abincin ƴaƴanta. Ban ga komai ba sai gindin ciyawa. Rana ta bugi ƙarfen, gyadon ya gani, ya yi gaba. Kafin in miƙe sai da Hamidu ya kama ni, maharba huɗu suna tsaye.

Ba alƙalami ba ne, Uwata. Hannuna ne. Tun zazzaɓin bara yake rawa, sau biyu ke nan ina kuskure dabbar nan. Na ji maharba za su zauna bayan kaka a kan maganar sarautata ta Sarkin Baka. Za ki ce me ya hana in sari gwafa a daji in ɗora bindigar. Gwafa ta masu koyo ce da waɗanda ƙarfinsu ya ƙare, ranar da aka gan ni da ita magana ta ƙare. Amma ƙarfe daga Yamai, sai a ce ƴarsa ƴar lakwal ce ta aiko masa kayan zamani.

Innarki ba ta sani ba. Ki bar shi tsakaninmu.

Mahaifinki, Mamman

*

Zongo, Yamai
30 ga Satumba

Zuwa ga Babana,

Bayan gaisuwa da neman gafara. Na karanta takardarka a bayan ɗaki, don kada Gwaggo ta ga fuskata.

Ban gwada ba, Baba. Zaren yana tare da ni a ranar, cikin littafin Faransancin da na aro wurin ƙawata, da shi nake sa alamar inda na tsaya. Da mutumin ya fara bayani sai na ji kunyar in fito da zaren saƙa mai ƙulli a gaban gilasai da kayan Turawa, kada ya ce baƙauya ce. Kuma ya yi kama da wani a cikin littafin, wanda duk abin da ya faɗa daidai ne. Sai na gyaɗa kai kawai. Ka san ni, ko a gida in baƙo ya yi sallama ɗaki nake shigewa.

Jiya na koma. Sau biyu ina wuce ƙofar kafin in shiga. Akawun ya ga ƙafafun a hannuna ya fara cewa ai mutanen karkara ba su iya aiki da su ba. Ban san lokacin da na ajiye littafin a kan teburinsa na zaro zaren ba. Na taka bakin zaren da ɗan yatsan ƙafata, na durƙusa gwiwa ɗaya a tsakiyar kantin, ga wasu Turawa biyu suna kallo, na ɗaga ƙullin sama. Na ce masa, "Haka babana yake harbi. Ka ba ni wanda ya kai nan."

Akawun ya shiga ciki, ya dawo da wasu dogaye baƙaƙe da ƙura ta rufe, ya ce shekara uku ba wanda ya tambaye su. Ba su da kyau ko kaɗan, fentin ma ya ɗaye a gefe ɗaya. Ana jan ƙafafun su ƙara tsayi a ɗaure da ƴar ƙusa. Na sa ya ja har suka kai ƙullin, na jingina nauyina a kansu, ba su motsa ba. Na kai su bakin ƙofa cikin rana, ba su walƙiya. Su na karɓa, ga su na aiko maka. Da ya sunkuyo yana ɗaure ƙusar na lura gashin bakin ma ɓari ɗaya ya fi tsawo.

Ban faɗa wa kowa maganar hannun ba. Amma akwai likita a nan da ke duba irin wannan, na tambaya kamar don wani ne. Tunda kai kake kirana Uwata don sunan mahaifiyarka da na ci, yau ɗaya dai zan yi magana kamar ita: ka zo a duba ka.

Allah ya ba ka sa'a, ya tsare mini kai.
Ƴarka, Sa'adatu

*

Gaya
14 ga Oktoba

Uwata,

Gaisuwa. Hamidu ne ke rubutawa, ni ke faɗa.

Gyado ya faɗi a hannuna ran Alhamis, harsashi ɗaya, a gaban maharba duka. Halimatou za ta haƙi rogonta.

A wurin, kafin kowa ya buɗe baki, na miƙa wa Hamidu bindigar da ƙafafunta. Ba wanda ya karɓe ta daga hannuna, ni na bayar. Ya fi ni tsayi, ya ƙara jan ƙafafun da yatsa uku.

Na faɗa wa Innarki maganar hannun. Ta ce ta sani tun bara, tun ranar da ta daina cika mini ƙoƙon fura.

Ina zuwa bayan kaka, ki kai ni wurin likitan naki. Zaren kuwa ki bar shi a littafin da kike karantawa.

Allah ya yi miki albarka.

Hamidu ya ce zai rubuta mini sunana a ƙasan takardar. Na ce ya ba ni alƙalamin.

Mamman