Jajayen Ɗigo a Taswirar Baba

Zuwa ga 'yata Injiniya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, karatu kuma yana tafiya daidai. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar mamanki da ke ɗan taɓa ta.

Albishirinki. Littafin koyon rubuta manhaja da kika bari a falo, na cinye shi tas. Ni da na tsaya a sakandare, na fara walda da aron inji, yau ga ni na rubuta manhaja mai layi tamanin da hannuna. Kin san masu sayen ƙofofinmu ta imel suke aiko da oda. To kowane saƙo yana ɗauke da lambar inda ya fito, kamar hatimin gidan waya. Manhajata tana tsinto lambar, ta ɗiga jan ɗigo a taswira. Saƙo dubu huɗu na zuba mata.

Abin mamaki, kusan duk ɗigon a wani birni guda suka taru, can ƙetaren teku. Ashe sunana ya je inda ƙafata ba ta taɓa zuwa ba. Don haka can zan buɗe reshen da na daɗe ina buri. Ranar Litinin zan sa hannu a takardar hayar shago, kuma Dogo, babban ma'aikacina, shi zai tafi ya riƙe wurin shekara uku. Matarsa na ta kuka, ga ciki wata bakwai, amma taswira ba ta ƙarya.

Mamanki ta dage sai na tambaye ki. Ba tambaya nake ba, sanar da ke nake.

Naki,
Babanki

Zuwa ga 'yata,

Ina gaishe ki, da fatan jarrabawa ta zo da sauƙi. Gwiwar mamanki ta yi dama.

Amsarki ta iso, kuma da farko raina ya sosu. Kin ce birnin nan rumbun kwamfutocin kamfanin imel ne kawai, saƙonni suna yada zango a can kamar tashar mota. Ban yarda ba sai da na gwada. Na tsaya a ofis, ina jin ƙarar injin yankan ƙarfe, na aika wa kaina saƙo ta waya. Ɗigon ya faɗa ƙetaren teku, alhali ga ni tsaye kusa da fanka. Na daɗe ina kallonsa.

Ban sa hannu ba. Na gyara manhajar, yanzu adireshin da mai oda ya ce a kai masa kaya take karantawa. Ɗigon sun tattaru a sababbin unguwannin bayan gada, tafiyar minti arba'in daga nan. Can za a buɗe reshen, Dogo ya riƙa kwana a gidansa. Da na faɗa masa, sai ya juya yana ta goge hannu da tsumma. A nan na gane ba ya son tafiyar tun farko, kunyata ce ta hana shi magana. Wannan ya fi kuskuren taswirar yi mini ciwo.

Amma ki sani, layi uku kacal na ɓata. Sauran saba'in da bakwai ɗin ba su da aibi. Na haɗo miki sabuwar manhajar, ki duba kafin in kama shago. Ba don ban iya ba.

Allah Ya yi miki albarka.

Naki,
Babanki