Lambar Wayar Auta

Zuwa ga Yayana abin tinƙahona,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara. Allah ya ƙara rufa asiri, ya sa albarka a nemanka. Mu ma nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma leƙa maƙwabta. Idon Baba ne dai sai a hankali, amma bakinsa yana nan daram, kullum sai ya yi wa rediyo gyara.

Yaya, wata magana ce ta tsaya mini a wuya. Ban da Auta, kai kaɗai ka san ni ce nake rubuta shafin nan na intanet, Idon Layi. Shekara biyar ina rubutu a kan famfunan da suka ƙafe, da kwatar da ta cushe, da kansilan da ba ya tuna hanyar unguwarmu sai zaɓe ya matso. Ka kuma san abin da ya sa na ɓoye sunana. Ni mai buga takardu ce a ofishin ruwa, rabin abin da nake fallasawa ta kan teburina yake wucewa. Ranar da zan buɗe shafin aka nemi lambar waya. Tawa tana manne a allon ofis, kowa ya san ta, sai na sa ta Auta, a shagonsa na gyaran waya, yana ta yi mini dariyar tsoro. Na ɗauka dabara na yi.

A watan jiya wata ƙungiyar marubutan shafuka ta zaɓi rubutuna a kan 'yan matan da layin ruwa yake hana su zuwa makaranta don karramawa. Suka kira lambar da ke jikin shafin, suka tambayi Auta ko shi ne mai Idon Layi. Auta ya ce eh. Daga baya ya rantse mini cewa ya zaci tarko ne, don ya kare ni ya amsa, kuma na yarda da shi. Amma kafin mako ya zagayo an faɗi sunansa a rediyo, an kuma aiko masa da gayyata zuwa babban taro a ƙasar da kake.

Ba zan ɓoye maka ba, kishi nake yi. Auta fa, wanda ko saƙon waya ba ya iya gamawa sai ya cinye rabin haruffa! Yanzu shagonsa ya koma majalisa. Mata suna kai masa kukan rijiyarsu, matasa suna ɗaukar hoto da shi, har kansilan nan ya taka ya je ya ba shi hannu. Ni kuwa in na zo wucewa sai a ce ga yayar marubuci. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Shekaranjiya shugaban ofishinmu ya kira ni, na zaci asirina ne ya tonu, ashe roƙo zai yi. Wai in lallaɓa ƙanena ya riƙa sassauta musu, tunda ni mai hankali ce, ba ruwana da irin wannan rigima.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne na gida. Tunda Baba ba ya gani sosai, ni yake sawa in karanta masa shafin a tsakar gida. In na zo wurin da na sha wahalar tsarawa sai ya ce in maimaita, ya gyaɗa kai, ya ce yaron nan hikimar kakansa ya gado. Rannan har ya ce mini ni da nake wuni a gaban na'ura, me zai hana in roƙi Auta ya koya mini ko kaɗan ne. Na ce to, Baba. Na shiga ɗaki na yi kukana na wanke fuska.

Auta ma abin ya dame shi. Ya same ni ina wanki, ya tsuguna, ya ce in na amince gobe zai je gidan rediyo ya faɗi gaskiya, don kunya tana neman kashe shi. Wallahi bakina ya buɗe zan ce ya je. Sai na tuna cewa duk ranar da sunana ya fita, ranar zan bar teburin nan. Aikin da ke riƙe da maganin Baba zai tafi, takardun da nake gani su ma su tafi, shafin ya zama surutu kawai. Na ce masa ya rufe bakinsa. Ni na cike masa takardar tafiya da hannuna, ni na rubuta jawabin da zai karanta. Yanzu kullum da yamma ina koya masa inda zai tsaya ya numfasa, yana yi ina hararar sabon takalminsa.

Ga abin da nake roƙo, Yaya. Ka tarbe shi, ka riƙe shi da kyau, kada ka nuna masa komai, ba laifinsa ba ne. Amma ranar taron ka nemi izini a wurin aiki ka je, ka zauna a gaba. Ka saurara da kyau, ka rubuto mini a daidai wace magana mutane suka yi shiru, a wace kuma suka tafa. Ina son in sani ko inda na zata ne.

Inna tana gaishe ka, ta ce ka rage aiki. Baba yana sa maka albarka. Ka gaishe mini da Anti, da Babban Yaya in kun yi waya, ka shafa mini kan takwarata da ƙanenta. In ka gama karantawa ka yaga takardar nan.

Taka har kullum,
Ƙanwarka