Ƙaho a Ƙeyar Baba

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya jikin Baba?

Matarka ta gaya min aikin da ka tafka. Likita ya nuna maka hoton kan Baba, ya ce jijiyar jini ce ta kumbura a ƙwaƙwalwarsa, in ta fashe sai yadda Allah ya yi. Har ya sa ranar tiyata. Kai kuma, sarkin masana, ka ɗauko wanzami ya kafa masa ƙaho a ƙeya, wai a zuƙe mataccen jini. Jinin da ke cikin ƙoƙon kai fa, Yaya! Wallahi kunyarka nake ji.

Ƙanwarka,
Auta

Auta,

Bayan sallama da gaisuwa, saƙonki ya iso, rashin kunyar ma ta iso.

Baba da bakinsa ya nemi ƙaho. Ya ce da ransa ba za a fasa masa kai ba, gara ya koma ga Ubangijinsa yadda aka halicce shi. Sai da na kawo limaminmu ya zaunar da shi, ya ce neman magani ba jayayya da ƙaddara ba ne. Da kyar ya yarda, da sharaɗin a fara gwada ƙahon. Me kike so in ce wa mahaifina?

Ni nake riƙe masa kwano in amai ya taso, ni nake rufe labule saboda haske na sara masa kai. Ke likita ce ta takarda, shekara nawa rabonki da ɗakinsa?

Wassalam,
Yayanki

Yaya,

Ina gaisuwa, don dole.

To, burinka ya cika. An ce tsagar wanzaminka ta yi ruwa har da mugunya, likita ya ce ba zai buɗe kai ta kan gyambo ba, an ɗaga tiyatar sai ya warke. Riƙe kwano ai ko yaro zai iya. Ce wa Baba a'a ne aikin babban ɗa, shi kuma ya fi ƙarfinka. Zan zo ranar tiyata, ba ranar wanzamai ba.

Auta

Auta,

Salamu alaikum.

Jijiyar ta fashe jiya da hantsi, yana alwala. Yana asibiti, yana numfashi, ba ya magana. Ki zage ni, na cancanta.

Kafin bakinsa ya rufe, ke ya tambaya. Na ce masa kina hanya. Kada ki mayar da ni maƙaryaci.

Yayanki