Indararon Ɗakinki

Zuwa ga Innata,

Gaisuwa mai yawa, da kewa wadda ban san inda zan aje ta ba. Na san ba za ki karanta wagga takarda ba. Ko da kina da rai ma ni ce mai karanta miki saƙon waya. Amma na yago ta daga tsakiyar kayena, littahin rubutuna na lissahi, don abin da ke cikina ya yi nauyi, kuma kin san ni, ba ni iya kallon mutum ido da ido in yi magana.

Ina Madawa wurin Gwaggo Hajo. Na shiga turaziyam, aji huɗu na sakandare, bana za mu yi jarrabawar birebe. Tana riƙona da kyau, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Gidanta na siminti ne, har da pampo, amma in ruwa ya sauka ba shi ƙamshin komi. Akuyarki ja tana nan, ta haihi biyu.

Ran kasuwar da ta wuce na bi mota ta Buza na tahi garinmu. Inna, gidanmu babu shi. Baba Illa, ƙanen Babanmu marigayi, ya share wurin ya gina butik, shagon kwano, bakin hanya, ya shahe shi da shuɗin fenti. Daidai inda gadonki yake, nan ya jibge buhunan albasa. Na nemi kurnarmu, sai kututture. Ina zauren da muke shan iska? Ina ramukkan tantabarunki? Ina bangon da kike jere kwanoninki, wanda nike leƙa huskata cikin murahunsu in ina son in ga ko ni kyakkyawa ce? Bayan ɗakinki, inda kinka ce an bizne cibiyata, yanzu nan masu babur ke tsayawa su yi hitsari. Baba Illa ya ganni tsaye, ya miƙo mini biskit. Na amsa, Inna. Na amsa har da durƙusawa. Sai da na kai bakin kori, inda ruwan damina ke bi, na jehwa shi, ina kuka kamar wawa.

Akwai abin da ban hwaɗa miki ba.

Kin tuna bazarar da Baba Illa ya zo ya ce shi zai hau ya yi mana yaɓen ruhi kahin damina? Kin ji daɗi ƙwarai, kinka dama mishi hura da nono mai yawa, kinka ce ashe ya daina hushin ƙin sayar mishi da wurin da kinka yi. Ran nan ina laɓe inuwar rumbu, da littahin soyayyar da na aro cikin kayena, irin wanda kinka hana ni. Na ɗaga kai na gane shi durƙushe bakin indararo, shina cusa tsumman buhu ciki, shina danna laka bisa da diddige. Ya waiwayo munka haɗa ido. Ya dubi littahin, ya dube ni, ya yi murmushi. Na gane: in na hwaɗa, shi ma zai hwaɗa.

Na gaya ma kaina ƙila haka aka yin gyara, mi na sani ga aikin maza? Ƙarya nike ma kaina. Tsoro na ji kar ki san mi nike karantawa.

Da ruwan hwari ya zo, kin ma duba sama kinka ga indararo ba shi zuba, kinka ce ƙila iska ce ta juya ruwan ɗaya gehen. Ina tsaye kusa gare ki. Na ji ki. Kalma guda ta isa. Kwana biyu ruwa shina kwance bisa ruhin har azara ta gaza, ke ko kin shiga ɗauko garin tuwon rana, ruhin ya hwaɗo miki. Kwana tara kinka yi gidan likita Buza, kina riƙe hannuna kina ce mini in bar kuka, ƙaddara ce. Yaya zan buɗe baki sa'an nan? Shi ko shi ne gaba wurin ɗaukar makara, har muryarshi ta dushe don salati.

Amma ya yi kure guda. Da anka gama tono, na tsinci indararon cikin ɓaraguzai, bai hwashe ba, lakar ta bushe da tsumman ciki. Tsumman nan na buhun albasarshi ne, da tambarin jan fentin da yake sa ma kayanai, layi ukku da ɗigo. Babu ɗan dako ko direban kamyon da bai san tambarin nan ba daga nan har Madawa. Shekara guda ke nan abin shina ƙarƙashin gadona, naɗe cikin zanenki.

Ran Asabar maigari zai tara dangi, a ba Baba Illa takardar da zai kai mari, ofishin magajin gari, a rubuta wurin da sunanai. Gwaggo ta ce sai maigari ya tambaya sau ukku ko akwai mai magana kahin ya sa hannu. Akwai, Inna.

Cikin littattahan da nike karantawa, yarinya kuka take har wani mai mota ya zo ya share mata hawaye, daga ƙarshe ta yahe ma kowa. Na daɗe ina jiran mai motar nan. Babu wanda ke zuwa. Kuma ni ba ni yahewa. Ina so ya shiga masallaci sahu ya buɗe mishi hagu da dama. Ina so albasarshi ta ruɓe don ya rasa mai ɗora ta ga mota. Ina so duk sadda hadari ya haɗu ya kasa zama ƙarƙashin ruhi, ya tsaya waje ruwa ya dake shi, yara suna nuna shi. Allah ya yahe mini in wanga zunubi ne, amma shi nike roƙo bayan kowace salla.

Na san za su tambaye ni don mi na yi kurum shekara guda. Zan hwaɗa musu, har da littahin. Za su kira ni marar kunya, wasu za su ce da hannuna ciki, kuma ba ƙarya za su yi ba. In muryata ta ƙi hitowa, zan kwance zanen in aje abin gaban maigari, in nuna Baba Illa da yatsa, in tsaya haka har sai ya dube ni.

Na san da kina nan cewa za ki yi in bar ma Allah. Ki yi haƙuri, Inna, wanga karon ba zan ji maganarki ba.

Allah ya haskaka makwancinki, ya ba ki ɗakin da ba shi zuba. Sai mun iske ku.

Ɗiyarki ta hwari, wadda kunya ta hana ki kiran sunanta,
Zalika