Dariyar Da Aka Yi A Falona

Tudun Wada, daren Asabar, 1993

Yau ɗana Sani ya zo da kaset ɗin bidiyo daga Bosso, wai fim ne na ban dariya. A cikin fim ɗin, wasu samari ne da huluna a juye suka kutsa liyafar attajirai, suna zuba surutu bisa kiɗa, wai waƙar raf ke nan. Ɗaya har ya hau teburin abinci da takalminsa.

Amma ba su ne suka hana ni barci ba. Akwai wani dattijo a fim ɗin, wanda sai ya gyara murya sau biyu kafin ya tsawata. Duk sanda ya yi haka sai falon ya ɓarke da dariya, har matata Hajiya tana rufe baki da mayafi. Na gyara murya zan ce a kashe, sai Sani ya ce, "Baba, yi haƙuri, ba da kai muke ba."

Ai ban ce da ni suke ba. Shekara talatin na yi ina riƙe makaranta da wannan muryar. Na miƙe na fita, kuma ba wanda ya kashe bidiyon.