Ɗigo na Takwas

Kuala Terengganu, 9 ga Nuwamba, 2005

Zuwa ga yayata, Kak Long Maimunah,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da barka da Sallah, ina fata takardar nan ta same ki lafiya a Sandakan, ke da maigidanki Abang Razak da ɗanku Fikri. Yaya gwiwar? Nan damina ta kama, an ja jiragen kamun kifi kan yashi. Mak, mahaifiyarmu, tana lafiya, tana cigiyarki. An sa bikin 'yata Izzati da Hilmi mako guda bayan Babbar Sallah. Masu girki sun kawo jerin abinci, na ce su cire miyar abarba, don na san ba kya son ko ƙamshinta.

Kak Long, akwai abin da ya tsaya mini a rai, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa sai ke.

Kin san aikina: ana kawo mana jini daga ƙauyukan bakin teku, mu nemi alamomin ciwon jini da ake gado, ni kuma in jera sakamakon a jadawali, kowane mutum ɗigo ɗaya, mu ga inda alamar ta yi yawa da inda ta yi ƙaranci. Alamomi biyu muke nema. Ta farko ana gwada kowa. Ta biyu, bisa tsarin aikinmu, sai wanda ya cika a takarda cewa shi Basine ne, wato ɗan asalin ƙasar Sin, saboda a cikinsu aka fi samunta.

A cikin mutum dubu da ɗari biyu, ɗigo bakwai suka ƙi zama a wurinsu. Dukkansu 'yan ƙabilarmu ta Melayu ne, daga Gong Nibung ɗinmu da ƙauyuka biyu na kusa. Ƙwayoyin jininsu ƙanana ne, kuma babu dalili. Shugabanmu, Dakta Azlan, ya ce zafin mota ne ya ɓata kwalaben, in goge su mu wuce. Ya ƙara da zolayar da ya saba, wai ni Kak Jah ko ƙwayar shinkafa ta faɗi ƙasa sai ta rubuta mata rahoto. Na yi dariya, amma hannuna ya ƙi goge su. Kin tuna yadda malaminmu na allo, Tok Guru, yake sa mu maimaita shafi guda saboda wasali ɗaya? Na roƙi izini in yi musu gwaji na biyu, ya ce in yi in huta.

Al'adarmu a ɗakin gwaji, kafin a amince da na'ura sai ɗayanmu ya ba da jininsa, wanda aka san lafiyayye ne, a gwada tare. Ranar ni na miƙa hannu. Bakwai ɗin nan duka suna da alamar. Ni ce ta takwas. Sau uku na maimaita.

Mai alamar ba ya ciwo, kada ki tsorata. Amma idan miji da mata duka suna da ita, cikin kowane ciki huɗu ana tsoron ɗaya ba zai rayu ba. An gwada Izzati da Hilmi a aikinmu watan jiya, na ce musu da bakina lafiya lau. Gwajin farko kawai aka yi musu, don sun cika Melayu. Kuma Hilmi ɗan Gong Nibung ne.

Ba zan iya zuwa gidan surukai in nemi a sake gwaji ba tare da na faɗi dalili ba, dalilin kuwa yana wurin Mak, tunda jinin Ayah, mahaifinmu, mun taɓa dubawa lokacin jinyarsa, ƙwayoyinsa daidai suke. Ba ni da ikon buɗe abin da ta rufe. Ki taya ni da addu'a, Juma'a zan je.

Ki gaishe da mutanen gida.

Ƙanwarki,
Halijah

Kuala Terengganu, 27 ga Nuwamba, 2005

Kak Long,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da Abang Razak. Na ga amsarki, layi huɗu kacal, har da inda tawada ta jiƙe. Kin ce in bi a hankali da tsohuwa. Na bi, amma ba ita ce mai buƙatar lallashi ba.

Na same ta da hantsi a ƙarƙashin gidan nan namu da ke kan turaku, tana gurzar kwakwa. Na yi ta kewaye-kewaye, na zana mata ɗigo-ɗigo a bayan takardar kalanda, na yi mata bayanin gado da ƙwayar jini. Ta bar ni har na ƙare, sannan ta ce, "Jah, shekara ashirin kina leƙa madubin likita kafin ki ga abin da duk Gong Nibung ke gani a fuskata?"

Ta ce lokacin mamayar Japan aka kawo ta a kwandon shinkafa, tana da kwana arba'in, da jan zare a wuyan hannu. Iyayenta Sinawa ne masu aikin haƙar ƙarfe a Dungun, yunwa ta sa suka ba da ita. Su biyar aka raba a ƙauyukan nan a shekarar, duka mata. Kakarmu Tok ta shayar da ita tare da kawunmu Pak Ngah, don ta zama 'ya ta halal a gidan. Kowa ya sani, babu mai faɗa, don faɗar rashin ladabi ne. Na tambaye ta me ya sa ba ta taɓa gaya mana ba, ta ce ba mu taɓa tambaya ba, kuma ita uwa ɗaya ta sani. Har ta tambaye ni ko na'urarmu tana auna nono, ko jini kaɗai ta iya.

Na ce mata zan faɗa wa surukai, kuma zan faɗa wa Dakta Azlan ba tare da suna ba, in ta yarda. Ta daɗe tana gurza kafin ta ce, "In don jaririn Izzati ne, ki hau hasumiyar masallaci ki faɗa."

Cik Rokiah, uwar Hilmi, ta karɓe ni da shayi. Na gama bayani, sai ta ce ai surukarta, kakar Hilmi ta wajen uba, tana cikin biyar ɗin, kwale-kwale ɗaya ya kawo su da Mak. Dariya take yi, ni kuwa na gane Hilmi ma yana iya ɗauke da alamar. Jiya aka ɗebi jinin yaran. Izzati ta tambaye ni in duka biyun suna da ita yaya ke nan, na ce ban sani ba, don ba na son in sake ce mata lafiya lau a kan abin da ban gwada ba.

Saura magana ɗaya, ki yafe mini in na taɓa inda ke ciwo. Jariran nan biyu da kika rasa kafin Fikri, Mak ta ce a kumbure suka zo. Mahaifiyar Abang Razak 'yar ƙauyen da ke bayan namu ce. Ba na cewa komai tukuna. Na sa takarda a cikin ambulan ɗin nan, ku kai asibiti ku biyu, za su aiko mana da jinin.

Taki,
Halijah

Kuala Terengganu, 20 ga Disamba, 2005

Kak Long, yayata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kuna lafiya, ruwan bai shiga muku gida ba kamar bara. Mak ta ce ki zo mata da busasshen jatan lande irin na wancan zuwan.

Alhamdulillahi. Izzati tana da alamar, Hilmi ba shi da ita. Ban yarda na yi gwajin da hannuna ba, na ba wata abokiyar aiki, na zauna a waje ina jan carbi. Biki yana nan. Hilmi ya ce ya ji haushi kaɗan, wai kakarsa ta bar wa kowa gado ban da shi.

Dakta Azlan ya daɗe yana kallon jadawalin. Bai ce ya yi kuskure ba, amma ya sa a daina duba abin da mutum ya cika a takarda, duk mai ƙananan ƙwayoyin jini a yi masa gwaji na biyu. Bakwai ɗin nan ban san sunayensu ba, lamba kawai nake gani, kuma ban buɗe kundin ba. Likitan ƙauye zai kira su. Ɗigonsu yana nan a jadawali.

Yanzu naki. Kina da ita, Abang Razak ma yana da ita. Sai a gwada Fikri kafin ya kawo mana wadda zai aura.

Kak Long, na tuna ranar da kika dawo daga asibiti hannu babu komai. Gwaggo ta ce ai an gan ki kina cin abarba da ciki, kika sunkuyar da kai. A ciki na biyu ko kusa da ita ba ki je ba, amma kika ce mini wataƙila ta farkon ce ba ta bar jikinki ba. Shekara ashirin da huɗu kina ɗauke da wannan, kina istigfari a kan yanka uku na abarba. Na duba sakamakonku sau uku, kin san halina. Ba abin da kika ci ba ne, ba kuma abin da kika yi ba. An rubuta shi a jininku tun kafin ku san juna, Allah Ya sa jariran su zama masu ceto a gare ku.

Na karanta wa Mak wannan kafin in rufe. Ta ce in je wurin masu girki in ce su mayar da miyar abarba, tukunya babba. Na je na faɗa. Ba dole ki ci ba. Amma zan zauna kusa da ke, in kin miƙa faranti ni zan zuba miki.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Halijah